Tambayoyin Masu Karatu: Gyaran Cikin Motar Tafi-da-Gidanka

Wasiƙun da suka shigo a wannan watan yawancinsu hanya ɗaya suka bi: mutum ya sayi motar ɗaukar kaya mai rufi, yana so ya mayar da cikinta ɗaki da hannunsa, ya sa gado da wurin girki da wuta, ya riƙa tafiya yana kwana a ciki. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne, na daɗe ina yin kabad da gadaje na gida. Na sayi Fiat Ducato doguwa, ta hannu. Niyyata in yi mata kabad da katakon MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18, in shimfiɗa tayil a ƙasa, saman kantar girki kuma in ɗora dutse mai sheƙi. So nake ta fito tamkar ɗakin gida. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Hannunka ya riga ya san aiki, ka fi yawancin masu rubuto mini sa'a. Amma kafin zartonka ya taɓa katako, ka nemi ɗan farantin ƙarfe ko takardar da kamfani ya liƙa a jikin motar, galibi a ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. A cikin lambobin nauyi da ke kai, ta farko ita ce iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da duk abin da ke cikinta, har da kai kanka. A yawancin irin taka kilo 3,500 ne, domin a Turai nan ne lasisin ƙaramar mota ya tsaya. Lambobi biyu na ƙarshe kuma su ne iyakar abin da ƙafar gaba da ƙafar baya za su ɗauka, kowace da nata. Motar ita kaɗai, fayau ba komai, ta kai kilo 2,000 ko ta haura. A cikin abin da ya rage za ka zuba mutane, da ruwa wanda kowace lita kilo guda ce, da batir, da tukunyar gas, da tufafi, da kayan gyara, sannan a zo kan katakonka.

To ga lissafin katako. Fallen MDF ɗaya mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, kauri milimita 18, ya kai kilo 40. Fallen filawud na itacen fofla mai kaurin milimita 15 bai wuce kilo 20 ba. A falle goma kaɗai ka rage wa motar kilo 200. Bayan nauyi, MDF yana da wasu aibobi biyu a mota: da ya sha lema sai ya kumbura, kuma sukuru ba ya daɗewa a gefensa in ana girgiza shi kullum. Ni abin da nake yi shi ne firam na siraran katako ko alminiyon, in rufe da filawud mara kauri. Milimita 12 zuwa 15 ya isa ga abin da zai ɗauki nauyi, 4 zuwa 6 kuma ya isa ga bango da rufi. Bayan kabad da ido ba ya gani, ka bar shi ba rufi ko ka huda masa manyan ramuka.

Tayil kam ka haƙura da shi. Bodin mota yana murɗawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami, tayil kuwa bai san lanƙwasa ba, tsagewa zai yi. Shimfiɗar roba mai kauri, falle guda ba gami, ita ta fi dacewa, don ruwa ba zai sami inda zai bi ya shiga ƙarƙashi ba. Dutsen kanta ma haka. Filawud mai kyau da aka shafe da mai ko banish zai ba ka kyan da kake nema.

Abin da ya fi damuna da aikin kafintocin gida shi ne ɗauri. A gida kabad zaune take da nauyinta, ba mai tura ta. A gwajin karo da ake yi wa kujerun mota, a gudun da bai wuce kilomita 50 a awa ba, ƙarfin da ke fizgar kaya gaba yakan kai ninki 20 na nauyinsu. Ke nan kabad mai kilo 30 za ta fizgi abin da ya riƙe ta da ƙarfin kilo 600, kuma kan direba ta nufa. Sukurun da aka murɗa cikin siririn ƙarfen bodi ba zai riƙe wannan ba. Akwai noti da ake dasawa a cikin ƙarfe kamar ribit, mai zare a ciki. Shi za ka dasa a haƙarƙarin bodi, ka ɗaure da shi. Manyan kaya irin su tankin ruwa da batir, a huda ƙasan motar a ɗaure su da noti, a sa farantin ƙarfe daga waje. Kafin ka huda ƙasa, ka kwanta ka leƙa: tankin mai da bututun birki da wayoyi duk a nan suke bi. Kowace dirowa da kowace ƙofar kabad kuma sai da sakata mai kamawa, maganaɗisu ba ya riƙe su a kwana.

Wani abu da zai ba ka mamaki a ranar farko: babu miƙaƙƙen bango a mota, babu kusurwa daidai. Ka tara kwali, ka riƙa yanka shi kana gwadawa har ya zauna a jikin bangon, sannan ka zana a katako. In ka gama aikin, ka cika tanki, ka loda kayan tafiya, ka kai motar sikelin manyan motoci a auna ƙafar gaba daban, ta baya daban.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kaina ya ɗaure kan abin da ake cusawa tsakanin ƙarfe da katako don tare zafi da sanyi. Wani ya ce ulun gilashi, wani ya ce soso, wani ya ce kumfar gwangwani. Kuma wai dole sai na rufe komai da leda?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ta fi kowace muhimmanci a wannan watan, domin duk abin da ka yi a nan katako zai rufe shi, ba za ka sake ganinsa ba sai ranar da ɓarna ta fito fili.

Abokin gabarka na farko ruwa ne, kuma daga cikin motar yake fitowa. Mutum ɗaya yana barci yakan fitar da ruwan da ya kai kofi guda a dare ta numfashi da zufa. Girki yana ƙarawa. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yakan saki ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi a iska. Da dare ƙarfen motar ya huce, wannan tururin ya taɓa shi, sai ya koma ruwa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take zufa in an fito da ita daga firji. Ulun gilashi yana shan wannan ruwan ya riƙe shi a jikin ƙarfe, sai tsatsa ta fara ci daga ciki. Ga shi kuma girgizar hanya tana sa ya zube ƙasa ya taru, ƙurarsa ta shiga iskar da kake shaƙa. Ba na ba kowa shawararsa.

Abin da na fi yarda da shi baƙin soson roba ne mai rufaffun ƙofofi, irin wanda ake naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi. Armaflex ne sanannen sunansa. Ana liƙa shi kai tsaye a jikin ƙarfe, yana bin duk wani lanƙwasa, iska mai lema ba ta samun hanyar kaiwa ga ƙarfen. A wuraren da suke shimfiɗe, wato ƙasa da tsakiyar rufi, allon kumfa mai tauri da ake kira PIR ya fi shi aiki: kaurin milimita 25 na allon yana yin abin da sai soson ya kai kusan 40 zai yi. Cikin ramukan haƙarƙari sai ka tura abu mai laushi da ba ya riƙe ruwa, irin Thinsulate na kamfanin 3M. Kumfar gwangwani a yi hattara da ita. Tana kumbura da ƙarfi har ta turo fallen bodi ya yi tudu daga waje, kuma tana toshe ƙananan ramukan da kamfani ya bari a ƙasan ƙofofi da gefen bodi don ruwa ya tsiyaye. Waɗannan ramukan kada a taɓa su.

Batun leda, masu aikin nan sun rabu biyu. Ni ra'ayina shi ne mota tana da ramuka da gami da yawa, ba za ka iya rufe ta ruf ba. Lema za ta sami ƙofar shiga, ledar kuma ta hana ta fita. Gara ka liƙa soson da kyau, ka bar iska ta yi sauran aikin. Shi ya sa fankar rufi ta fi duk wani soso daraja a wurina. Yawancin fankokin rufi rami mai santimita 40 a kowane gefe suke buƙata. Ka yanke shi tsakanin haƙarƙari biyu, kada ka yanke haƙarƙari. Ka share garin ƙarfen nan take, don cikin 'yan kwanaki yake tsatsa ya ɓata fenti, ka shafa fentin hana tsatsa a bakin yankan. Fanka kuma ba ta jan iska sai da inda wata za ta shigo, saboda haka a sami taga ko ƙaramar kafa a ɗaya ƙarshen motar.

Kada ka sa rai soso zai sanyaya mota a tsakar rana. Jinkirta shigar zafi kawai yake yi. Mafi yawan zafin ta gilashi yake shiga, musamman babban gilashin gaba. Marufin taga mai ƙyalli, labule mai kauri a bayan kujerun gaba, farin rufi da inuwa, su ne maganin.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin tsatsa, yanka taga da ramin fanka, da jan wayoyin wuta, duk a gama su kafin a liƙa soso. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayoyinsa kafin ka rufe, don wata rana za ka so ka huda wurin.

Tambaya: Malam, ni aikina da kwamfuta ne, ina so in riƙa yinsa a hanya. Ina buƙatar firji, fanka, fitilu, cajin kwamfuta da waya, da butar lantarki. Wane batir zan saya, kuma sola nawa?

Amsa: Hajiya, ki ɗauki biro mu yi lissafin tare, don batir ba a sayensa da ka. Ƙaramin firji mai kwamfuresa na 12V yakan ci Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) 30 zuwa 50 a yini gwargwadon zafin gari. Mu ce 40. Fanka ta kwana tana juyawa, 15. Fitilun LED, 5. Kwamfuta mai wat 60 na awa huɗu, 20. Wayoyi, 5. Jimla Ah 85 ke nan a yini.

Batirin dalma, har da irin AGM, rabin abin da aka rubuta a jikinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Ke nan sai kin sayi Ah 200, nauyinsu ya doshi kilo 60. Batirin litiyom irin LiFePO4 mai Ah 100 zai ba ki 80 zuwa 90, nauyinsa kuma kilo 12 ko 13. Ni shi zan zaɓa miki, in da hali ma ki ɗan haura Ah 100 saboda ranar hadari. Sharaɗinsa ɗaya: ba a cajinsa in sanyi ya kai ruwa yana daskarewa, sai dai in yana da abin ɗumama kansa.

Sola mai wat 200 kwance a rufi zai kawo miki Ah 50 zuwa 70 a ranar da rana ta fito sosai, a haɗa shi da na'urar caji irin MPPT. Bai cike gurbin ba, ko? Sauran daga injin motar zai zo. Na'urar da ake kira DC-DC mai amfiya 30 tana zuba Ah 60 a tuƙin awa biyu. Sababbin motoci da yawa altanetarsu tana rage ƙarfi da kanta don tsimin mai, saboda haka haɗa batirin mota da na ɗaki da rile kawai ba ya cika na ɗakin, litiyom kuma yana iya jan wutar da za ta gasa altaneta. Wannan na'urar ce take tsayawa tsakani.

Butar lantarki kuwa ki cire ta daga jerin. Mai wat 2,000 in an bi da ita ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana jan sama da amfiya 170 daga batirin 12V, abin da yawancin batura masu Ah 100 ba za su yarda su bayar ba. Ki dafa ruwa a murhu.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da duk lambobin nan. Wutar 12V ba ta jan mutum, shi ya sa ake raina ta, amma tana ƙona mota ƙurmus. Fiyus waya yake karewa, don haka babban fiyus ya zauna daf da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, kowace waya da ta fita kuma da nata daidai kaurinta. Kada a yi amfani da wayar gida mai jan ƙarfe silli ɗaya, girgiza tana karya ta. Mai silli da yawa ake sawa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. In ba ki saba ba, ki ja wayoyin da kanki, amma ki kira ƙwararren mai rewaya ya duba kafin a haɗa batir.

Tambaya: Zan iya ajiye tukunyar gas a ƙarƙashin kantar girki kawai, in ɗaure ta da igiya?

Amsa: A'a, ƙanena. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama ya bi fanka, ƙasa yake kwanciya ya taru, ya jira tartsatsi ɗaya daga firji ko makunni. Tukunyar tana buƙatar akwati nata, rufaffe ruf daga ɓangaren ɗaki, da rami a ƙasansa da ya ɓulle waje ta ƙasan motar. Ta tsaya a tsaye, a ɗaure da maɗauri biyu, kuma babu wayar wuta ko ɗaya a cikin akwatin. Ka rufe kanta kafin tuƙi da kafin barci. Haɗa bututun aikin mai sana'ar gas ne. In ya gama, a shafa ruwan sabulu a kowane gami a ga ko zai yi kumfa.

Akwai kuma iskar da duk wata wuta take fitarwa in ba ta sami isasshiyar iska ba, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa. Ka sayi ƙararrawar da ke gano ta, ka rataye kusa da gado. Kada ka taɓa ɗumama mota da murhun girki ko gawayi, kuma duk lokacin girki fanka ta kasance a kunne. Ka sa abin kashe gobara kusa da ƙofa, inda hannu zai kai daga ciki da daga waje.

Tambaya: Ni da maigidana mun kasa daidaitawa. Shi yana son gado kafaffe, ni ina son wanda ake naɗewa ya zama kujera da tebur. Shi dogo ne, santimita 185.

Amsa: Uwargida, tsawon maigida ya riga ya yanke rabin hukuncin. Gadon da aka gitta daga bango zuwa bango shi ya fi tsimin fili, amma faɗin cikin Ducato, da 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, santimita 187 ne, na Mercedes Sprinter kuma kusan 178, tun kafin soso da katako su ci nasu. A Ducato zai iya miƙewa da ƙyar in an rage kaurin bango a daidai kai da ƙafa. A Sprinter sai dai gadon ya bi tsawon motar, ya cinye kusan mita biyu.

Ni ina bayan maigida, ki gafarce ni. Gadon naɗewa yana da daɗi a zane, amma shimfiɗa shi kowane dare da kwashe shi kowace safiya yana gajiyar da mutum, ga neman inda za a tura bargo da filo. Kafaffen gado yana ba ku katifa guda ba gami, da babban wurin ajiya a ƙarƙashi, inda tanki da batir za su zauna ƙasa-ƙasa kusa da tayoyin baya. Wurin zamanki kuma zai samu in an sa wa kujerun gaba faranti mai juyawa su fuskanci ɗaki, da ɗan tebur mai ninkewa. Ku bar kusan santimita 90 tsakanin katifa da rufi don mutum ya iya zama. Katifar kuma ta hau kan siraran katako masu tazara, in ta kwanta a kan fallen filawud rufaffe funfuna za ta kama ƙasanta.

Kafin ku yanke shawara, ku zana tsarin a ƙasan motar da tef, ku jera kwalaye a matsayin kabad, ku jefa katifa ku kwana biyu a ciki. Gani ya kori ji.

Tambaya: Wurin wanka fa, ya cancanci a gina shi?

Amsa: A gajeriyar mota, a'a. Yana cin fili, yana shanye tanki, yana cika ɗaki da tururi. Tiyo mai kan feshi a ƙofar baya da labule ya wadatar. Ƙaramin masai na tafi-da-gidanka kuwa ka tanade shi a cikin akwatin da ake zama a kai, dare zai zo da za ka gode masa.

Tambaya: Malam, yarana biyu ne. In na yi benci mai ƙarfi a baya na sa masa bel, za su iya zama a kai muna tafiya?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka yi. Duk ƙarfin bencin katako, ba a gwada shi a karo ba, kuma bel ƙarfinsa yana ga inda aka ɗaure shi ne. Wanda aka ɗaure a katako ko a siririn ƙarfen ƙasa fizgewa zai yi tare da yaron. Bencin da ke kallon gefe ya fi muni, don jiki ba ya jure fizga ta wannan fuska. Abin da ake buƙata kujera ce ta mota da aka gwada, mai kallon gaba, mai bel na kafaɗa da ƙugu, wadda ƙwararru za su kafa da ƙarfafa ƙasan motar daga waje. A ƙasashe da yawa sai hukuma ta duba ta sauya takardun motar, kamfanin inshora ma sai an sanar da shi. Wurin wannan kujera shi za ka fara warewa, sauran tsarin ɗakin ya biyo baya. In hakan bai samu ba, adadin mutanen motarka shi ne adadin kujerun da kamfani ya sa a gaba, yaran su biyo ku a wata motar.